BABI NA UKU: TARIHIN JIRGIN ƘASA NA BIRNIN ABUJA DA KEWAYE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin kafuwar Babban Birnin Tarayya. A wannan babi kuwa za a dubi tarihin layin dogon da aka shimfiɗa domin jigilar ma'aikata tsakanin birnin da garuruwan kewaye, da tasoshinsa, da kuma irin amfanin da aka samu daga gare shi.

3.1 Dalilin Shimfiɗa Layin

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa dokar ƙirƙiro Abuja a shekarar 1976, amma ba a tare ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Tun daga wannan lokaci tsadar haya ta hana ƙananan ma'aikata zama a cikin birnin. Saboda haka suka yi ta komawa garuruwa irin su Kubwa da Gwagwa da Nyanya da Karu, har da Mararaba ta Jihar Nasarawa. Ke nan ofis yana wuri ɗaya, makwanci yana wani wuri. Rushe-rushen gine-gine na zamanin Minista Nasir el-Rufa'i, da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, sun ƙara wa talaka nisa da wahalar sufuri.

3.2 Aikin Ginawa da Tasoshi

An ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar aikin a shekarar 2007, a ƙarshen mulkin Obasanjo. Aikin ya yi ta tafiyar hawainiya saboda ƙarancin kuɗi, har sai da aka sami rancen dala miliyan 500 daga wani bankin gwamnatin Sin. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe shi ranar 12 ga Yuli, 2018, wato bayan shekara goma sha ɗaya.

Tsawon layin ya haura kilomita 40, yana da tasoshi 12, kuma ya kasu gida biyu. Reshe na farko ya taso daga tsakiyar birni, ya bi ta filin wasa da Kukwaba da Wupa da Idu da Bassanjiwa, ya tuƙe a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Na biyu ya tashi daga Idu, ya ratsa Gwagwa da Deidei da Kagini zuwa Gbazango da ke yankin Kubwa. Tashar Idu ita ce mahaɗa, domin nan ne fasinja yake sauka ya shiga jirgin Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016.

3.3 Zirga-zirga da Matsaloli

Murna ba ta daɗe ba. Da yawa daga cikin tasoshin an gina su nesa da gidajen jama'a, kuma babu hanyar mota mai kyau da ke kaiwa gare su. Wanda zai biya kuɗin mota kafin ya isa tasha, gara masa ya zarce ofis da motar. Da annobar korona ta ɓulla a 2020 aka dakatar da jirgin, ya shekara huɗu a ajiye, ɓarayi suka yi ta sace wayoyi da kayan aiki. Sai a watan Mayu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi bayan gyare-gyare da gina hanyoyin shiga tasoshi, aka kuma ɗauki fasinjoji kyauta na wasu watanni.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa babbar matsalar layin ita ce inda aka bi da shi. An fara da ɓangaren filin jirgin sama, alhali cunkoso mafi tsanani yana kan hanyar Nyanya da Mararaba, inda har lokacin sake buɗewar ba a aza dogo ba. A babi na gaba za a nazarci yadda mazauna wannan yanki suke zuwa aiki.