Aikin Soja ko Wasan Ƙwararru: Yadda Amurka ke tafiyar da ’yan wasan kwalejojin sojanta

Duk ɗalibin da ya kammala ɗaya daga cikin manyan kwalejojin horar da hafsoshin sojan Amurka yana fita ne da digiri, da muƙamin ƙaramin hafsa, da kuma alƙawarin yi wa ƙasa aikin soja na aƙalla shekara 5. Matsala tana tasowa idan ɗalibin ya kasance gwanin wasa, wata ƙungiyar ƙwararru kuma ta nemi ɗaukarsa. Shekaru da dama ke nan hukumomin ƙasar suna sauya matsayi a kan ko za a sake shi ya tafi, ko sai ya cika alƙawarinsa tukuna.

Kwalejojin da abin ya fi shafa uku ne: ta sojan ƙasa da ke West Point a jihar New York, wadda aka kafa a 1802, ta sojan ruwa da ke Annapolis a jihar Maryland, wadda aka kafa a 1845, sai ta sojan sama da ke Colorado Springs, wadda aka kafa a 1954. Gwamnatin tarayya ce ke biyan kuɗin karatu da abinci da masauki, tana kuma ba ɗalibai alawus duk wata. Ɗalibi yana iya janyewa kafin ya shiga shekara ta uku ba tare da wani nauyi a kansa ba. Da zarar ya shiga aji na uku, alƙawarin ya hau kansa. Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja tun 1973, saboda haka wannan nauyi yarjejeniya ce da ɗalibi ya amince da ita da kansa.

Waɗanda suka fara cika alƙawari

Roger Staubach ya lashe kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a jami’o’i, a 1963. Ya kammala Annapolis a 1965, ya yi aikin soja har a Vietnam, bai shiga ƙungiyar Dallas Cowboys ba sai a 1969 yana da shekara 27. Duk da jinkirin, ya ci kofin Super Bowl sau biyu. Chad Hennings na sojan sama ya tuƙa jirgin yaƙi samfurin A-10 a sararin arewacin Iraƙi kafin ya shiga wannan ƙungiya a 1992, inda ya ci kofin sau uku.

A ƙwallon kwando, ƙungiyar San Antonio Spurs ta zaɓi David Robinson a matsayi na ɗaya a 1987, amma sai da ta jira shi shekara 2. Tsayinsa, mita 2.16, ya wuce ƙa’idar aiki a jiragen ruwan yaƙi, don haka ya yi nasa aikin a sashen gine-gine na rundunar. Ya fara wasa a 1989, ya ci kofin NBA a 1999 da 2003.

Sauye-sauyen doka

A 2008 ƙungiyar Detroit Lions ta zaɓi Caleb Campbell na West Point bisa wani tsarin sojan ƙasa da ya ba shi damar yin wasa. Ana gab da fara atisayen ƙungiyar aka janye tsarin, ya koma barikinsa, bai buga wasa ba sai a 2010.

A 2016, zamanin Sakataren Tsaro Ash Carter, an sassauta, har Keenan Reynolds na sojan ruwa ya shiga Baltimore Ravens kai tsaye. A watan Mayun 2017 magajinsa Jim Mattis ya soke sassaucin, ya ce dole a yi shekara 2 ana aiki kafin a nemi izini. A 2019 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a sake buɗe ƙofar, Sakatare Mark Esper kuma ya fitar da ƙa’idar da ta ba ɗan wasa damar ɗage aikinsa zuwa bayan ya gama wasa. Ko a ƙarƙashin wannan ƙa’ida izinin ba tabbas ba ne: a 2021 rundunar ruwa ta ƙi amincewa da buƙatar Cameron Kinley, sai da Sakatare Lloyd Austin ya sa baki.

A watan Disambar 2022 majalisar dokoki ta shigar da sharaɗin shekara 2 cikin dokar kasafin tsaro. Wannan ya zo ne watanni kaɗan kafin Andre Carter II na West Point ya shiga zaɓen ’yan wasan NFL, kuma ya riga ya wuce lokacin da zai iya janyewa daga kwalejin. Bayan ƙorafe-ƙorafe, majalisar ta keɓe ɗaliban da suka shiga kafin Yunin 2021. A ƙarshen 2024 ta sake gyara dokar, ta amince a saki ’yan wasa har uku daga kowace kwaleji a shekara, su koma cikin dakarun ko-ta-kwana suna taimaka wa aikin jawo matasa shiga soja.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu adawa da sassauci suna cewa kuɗin masu biyan haraji ne ya ilimantar da ɗalibin domin ya jagoranci sojoji, kuma gurbin da ya samu wani ne ya rasa shi. Suna ƙara da cewa ba adalci ba ne a saki ɗan wasa alhali abokin karatunsa da wani kamfani ke son ɗauka ba shi da irin wannan dama.

Masu goyon baya suna duba gajartar rayuwar wasa. Matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar NFL bai wuce kimanin shekara 3 ba, wanda ya yi shekara 2 ba ya fili kuwa da wuya ya dawo da ƙarfinsa. Suna cewa waɗanda abin ya shafa ’yan ƙalilan ne a kowace shekara, kuma ganinsu a talabijin talla ce ga rundunar. Akwai kuma batun gasa: tun 2021 ’yan wasan sauran jami’o’i suna samun kuɗi daga tallace-tallace da sunansu, amma ɗaliban kwalejojin soja ba su da wannan dama domin ma’aikatan gwamnati ne.

Lamarin ya sha bamban da na Koriya ta Kudu, inda aikin soja wajibi ne ga maza. A can lambar zinare a Wasannin Asiya tana sa a sassauta wa ɗan wasa, kamar yadda Son Heung-min ya samu a 2018, ya yi horon mako 3 kawai a 2020. A Amurka kuwa babu tabbacin cewa ƙa’idar da matashi ya tarar ranar da ya shiga kwaleji ita ce zai tarar bayan shekara 4, ranar da zai fita.