Masu Rediyon Sha'awa: Fakon Da Ya Zama Fadama

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Maigatari, ya rubuto cewa wani dare yana murɗa akwatinsa wajen mita 41 yana neman labaru, sai ya faɗa kan wasu muryoyi kamar kukan agwagi, ba kiɗa, ba labarun duniya. Aka ce masa wai mutane ne ke hira da juna daga ɗakunansu. Yana so ya san su wane ne, yaushe suka fara, kuma ko shi ma zai iya sayen irin na'urar domin ya riƙa jin farashin gero daga yaronsa da ke Dawanau, tunda akwai ƙauyukan da yake zuwa awo inda salula ba ta kamawa.

AMSA: To Malam, mun gode da takardarka, Allah Ya bar zumunci. Wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba. Waɗannan su ne masu rediyon sha'awa, Turawa na ce musu ham. Mutane ne kamar ni da kai, akwai malamin makaranta, akwai likita, akwai manomi, kowa da na'urarsa ta aikawa da karɓar magana, da eriya a bayan gida. Zangonsu na mita 40 maƙwabcin mita 41 ne. Muryar agwagin kuwa, wata dabarar aika magana ce suke amfani da ita don ta yi nisa da ƙarfi kaɗan, akwatin gida kuma ba a ƙera shi don ya warware ta ba.

Asalin abin yana komawa ga farkon wayar iska. A watan Disamba na 1901 wani Ba'italiye mai suna Marconi ya ce ya ji sigina da aka aiko daga Ingila, alhali shi yana tsallaken Tekun Atlantika, a tsibirin Newfoundland. Da labari ya bazu, sai samari a Amurka da Ingila suka dinga harhaɗa nasu da waya da batir. Lokacin ba murya ake aikawa ba, ƙwanƙwasa ce irin ta tangaraho, gajera da doguwa, watau baƙaƙen Morse. A Amurka babu doka, babu lasisi, kowa na sheƙa nasa, har jiragen ruwa da sojojin ruwa suka yi ta ƙorafin ana toshe musu hanya.

Sai ga haɗarin jirgin Titanic a watan Afrilu na 1912, mutum fiye da 1,500 suka halaka. A cikin wannan shekarar gwamnatin Amurka ta kafa doka: duk mai aika sigina sai ya karɓi lasisi, su kuma 'yan sha'awa aka kora su zuwa mita 200 zuwa ƙasa. Nan ne fa, jama'a, labarin ya yi daɗi. Masana na wancan zamani sun ɗauka dogon zango ne kaɗai ke cin nisa, gajere kuwa ba ya zuwa ko'ina. Kamar dai a raba gonar gado, manya su kwashe jigawa mai kyau, a nuna wa auta fakon da ko tsiwa ba ta fitowa, a ce ga naka.

Yaran nan ba su watse ba, sai suka kafa ƙungiyoyi. A London an kafa kulob a 1913, wanda ya zama babbar ƙungiyar Birtaniya. A Amurka, wani injiniya Hiram Percy Maxim na garin Hartford ya so ya aika saƙo Springfield, tafiyar da ba ta wuce mil 30 ba, kamar dai Kano zuwa Wudil, amma na'urarsa ta kasa. Sai ya ba wani da ke tsakani ya miƙa. Daga nan ya ga cewa in kowa zai karɓa ya miƙa wa na gaba, saƙo zai ƙetare ƙasar baki ɗaya. Wannan shi ne mafarin ƙungiyar ARRL a 1914, tana nan har yau. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 aka rufe su duka, sai 1919 suka dawo.

Da dawowarsu suka shiga haƙar fakon nan. A Disamba 1921 suka tura Paul Godley zuwa Scotland, ya kafa tanti cikin ruwan sama da sanyi, ya kuwa ji 'yan'uwansa daga Amurka. A Nuwamba 1923 Léon Deloy na birnin Nice a Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell na Amurka a kan wajen mita 100. A Oktoba 1924 wani matashi a London, Cecil Goyder, ya tattauna da Frank Bell, ɗan gidan makiyaya tumaki a New Zealand, can ɗaya gefen duniya. Ashe gajeren zangon nan da aka raina yana cin nisa sosai. Kamfanoni da gwamnatoci suka dawo a guje suna neman rabonsu. BBC ta buɗe shirye-shiryenta na ƙasashen waje a kan gajeren zango a 1932, Sashen Hausa ya biyo baya a 1957. Saboda haka ni a ganina, duk wanda ya taɓa rataya akwati a reshe yana noma yana jin London, akwai bashin godiya a kansa ga waɗannan yara.

Me ya sa gajeren zango ke cin nisa? Can sama, sama da inda jirgi ke tashi, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke canja masa hali, ya zama kamar madubi. Sigina ta tashi, ta bugi rufin, ta faɗo ƙasa mai nisa, wani lokaci ta sake tashi. Da yake rana ce ke sarrafa shi, hali na canjawa: da rana mita 19 da 16 suka fi kamawa, da dare kuwa 41 da 49. Kai ma ka san wannan da hannunka. Har ila yau, ita kanta ranar ƙarfinta na hawa da sauka kimanin kowace shekara 11, ta kai ganiya a 2024. Shi ya sa hirar waɗannan mutane ba ta wuce "yaya kake ji na?" da "yau hanyar Turai a buɗe take", tamkar manoma na tambayar juna labarin ruwa.

A kulob ɗinsu akan koya wa sababbi karatun jarrabawar lasisi da ɗaura eriya, a kuma tsai da rana da sa'a da kowa zai hau iska a gaisa. A Amurka tun 1933 suke da al'adar fita fili sau ɗaya a shekara, su yi aiki da batir ko janareto, don gwajin ranar da wuta da waya za su yanke. Ranar kuwa tana zuwa. Lokacin girgizar ƙasar birnin Mexico a 1985 sun yi ta fitar da labarin waɗanda suka tsira zuwa ga dangi. A Disamba 2004, igiyar tsunami ta tarar da wata tawaga ƙarƙashin wata Ba'indiya, Bharathi Prasad, a tsibiran Andaman, sun je ne don sha'awa kawai, sai na'urorinsu suka koma hanyar neman agaji.

Yanzu batun farashin gero. Malam, kada ka zuba kuɗinka. Dokar duniya ta ce wannan rediyo ta koyo ce da gwaji, ba ta neman kuɗi ba. Ba a ciniki a kanta, ba a talla, ba a sa kiɗa, ba a magana a dunƙule don ɓoye ma'ana. In ma ka karya doka ka faɗi farashi, duk mai na'ura zai ji sirrin kasuwarka. Kuma aika sigina ba lasisin gwamnati laifi ne, ana iya ƙwace kayan. Saurare dai kyauta ne.

Mai lasisi akan ba shi lambar kira, farkonta na nuna ƙasarsa: 5N Nijeriya ce, 5U Nijar, 9G Ghana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Marigayi Sarki Husaini na Jordan lambarsa JY1, kuma yakan hau iska ya gaisa da talakawan ƙasashe. Akwai ƙungiyar duniya da aka kafa a Paris a 1925, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya tana cikinta, kuma kowace 18 ga Afrilu suke bikin ranarsu. A da sai ka iya baƙaƙen Morse kafin a bar ka ka hau gajeren zango, amma a 2003 aka cire wannan sharaɗi daga dokar duniya, aka bar wa kowace ƙasa ta yanke nata. Da yake masu lambar 5N da 5U ba su da yawa, in ɗayansu ya yi kira, Turawa da Japanawa rububin amsa masa suke yi, daga baya su aiko masa da kati na shaidar cewa sun yi magana.