Daga Lamba Zuwa Allurar Korona: Yadda Tambayar Manazarta Ta Sauya

Ina yaro kakata takan nuna mini tabon lamba a damtsenta, ta ce ranar da masu lambar agana suka iso garinsu, wasu iyaye a rumbu suka ɓoye 'ya'yansu. Wannan labari shi ya sa na bi sawun abin da manazarta suka rubuta game da yadda jama'a ke karɓar rigakafi in annoba ta taso.

A zamanin yaƙi da agana, wanda aka tsananta a 1967 har aka tabbatar da ƙarewar cutar a 1980, galibi lissafi ake yi: mutum nawa aka yi wa, nawa suka rage. Wanda ya ƙi kuwa, sai a ce jahilci ne, maganinsa wayar da kai.

Abin da ya faru a ƙasar nan ya taimaka wajen sauya wannan tunani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, abin da ya kai har kotu. A 2003 kuma Jihar Kano ta dakatar da ɗigon shan inna, ba a koma ba sai a 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Daga nan masana irin su Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya, suka koma tambayar: wa mutane suka yarda da shi, kuma don me? A 2014 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya kasa dalilan ɗari-ɗarin gida uku: rashin amincewa, raina cuta, da wahalar samun allurar.

Da korona ta zo, wani bincike na 2021 a mujallar Nature Medicine ya gano cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali sun ce za su karɓi allurar, alhali a Amurka kashi 65 ne, a Rasha 30. Ashe ɗari-ɗari ba ciwon talaka ba ne.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda zai yi nazari a wannan fage, ya fara da sauraron mutane da harshensu. Mai ɓoye ɗansa a rumbu yana da hujjarsa. In ba a ji ta ba, wata annobar ma a rumbun za ta same shi.