Takobi ko Mashi? Nazari a kan Makaman Mayaƙan Baikin

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba irin makaman da mayaƙan Baikin suka riƙe, watau mutanen nan na Norwe da Denmak da Suwidin waɗanda suka addabi gaɓar tekun Turai tun daga harin da suka kai wa gidan ibadar Kirista na Lindisfarne a Ingila a shekarar 793, har zuwa yaƙin Stamford Bridge a 1066. Siffar da aka saba gani a littattafai ita ce ta wani ƙato sanye da sulke da kwalkwali mai ƙaho, riƙe da takobi. A ganina wannan siffa ba ta dace da abin da aka tono daga ƙasa ba.

Bari mu fara da ƙahon, don shi ya fi saurin kawarwa. Kwalkwalin da aka fi dogara da shi a wannan nazari shi ne wanda aka tono a gonar Gjermundbu a Norwe a 1943. Na ƙarni na 10 ne, ƙarfe ne zagayayye mai kariyar ido da hanci, ba shi da ƙaho. Tufafin da Carl Emil Doepler ya tsara wa wasan Wagner a Bayreuth a 1876 na cikin abubuwan da suka cusa ƙaho a zukatan jama'a.

Batun takobi shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Gaskiya ne an sami takubba da yawa a kaburbura, har ma Jan Petersen ya kasa na Norwe gida 26 a 1919, kuma manazarta na aiki da rabe-rabensa har yau. Ibn Fadlan ma, da ya haɗu da mutanen Rus a bakin kogin Bolga a 922, ya ce kowannensu na ɗauke da gatari da takobi da wuƙa, ya kuma danganta ƙirar takubban ga Farankawa. Amma mu lura, fatake ya gani, masu hannu da shuni. Ruwan takobi mai nagarta, irin mai rubutun Ulfberht wanda aka sami kimanin 170, sau da yawa daga ƙasar Farankawa ake sayo shi, sa'an nan maƙeran gida su ɗora masa ƙota. Shi ya sa a 864 sarkin Farankawa ta Yamma, Charles mai Sanƙo, ya yanke hukuncin kisa ga duk wanda ya sayar wa mutanen arewa sulke ko makami ko doki. Dangane da tsada kuwa, tsohuwar dokar Farankawan Ribuwariya ta ƙiyasta sulke a kan kuɗin bijimi shida, takobi da kubensa fiye da bijimi uku, alhali mashi da garkuwa a haɗe bijimi ɗaya tak. Dokar ba ta Baikin ba ce, ta kuma girme su, amma ta nuna tazarar da ke tsakanin kayan attajiri da na talaka.

To, shi manomin da ya shiga jirgi da rani fa? Dokar Gulathing ta yammacin Norwe, wadda aka rubuta bayan zamanin, ta wajabta wa ɗa mashi da garkuwa, da gatari ko takobi. Kalmar "ko" a nan abin lura ce. Mashi ƙarfe kaɗan yake ci, gatari kuwa kowane gida na da shi. Garkuwar ma ta katako ce: guda 64 da aka jera a jikin jirgin Gokstad, wanda aka tono a 1880, faɗinsu bai kai mita ɗaya ba, siraran alluna ne da ƙoƙon ƙarfe a tsakiya don kare hannu.

Saboda haka sai mai nazari ya yi hattara da shaidar kabari. Wanda aka binne da takobi, danginsa na da halin rabuwa da shi ne. Katako da fata kuma ƙasa takan cinye su, ta bar mana ƙarfe. Ko a ƙarfen ma, rigar sulke guda ce aka samu kusan cikakkiya a Norwe, ita ma a kabarin nan na Gjermundbu.