Ƙasa Mai Zurfin Taki Ɗaya: Tarihin Kiwo a Gangaren Duwatsun Yammacin Amurka



Laccarmu ta yau za ta kai mu wani yanki na yammacin Amurka, inda jihohin Aidaho da Origon da Nebada suka haɗa iyaka, wato ƙasar da Kogin Owaihi yake ratsawa. Manufarmu ita ce mu bi tarihin kiwo a wurin, mu ga yadda aka yi shekara saba'in ana zuba dabbobi a kan ƙasar da ba wanda ya tsaya ya auna zurfinta, da kuma abin da hakan ya haifar.

Da farko ya kamata mu san ita kanta ƙasar. Fiye da shekara miliyan 10 da suka wuce, narkakken dutse ya yi ta ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa yana malala, ya daskare ya zama shimfiɗaɗɗun duwatsu. Daga baya, kimanin shekara 7,700 da suka shige, Dutsen Mazama na Origon ya yi aman wuta, iska ta watsa tokarsa a kan yankin. To, dutse ba ya narkewa ya zama ƙasa sai da ruwa da ɗumi, wannan wuri kuwa duka biyu sun yi masa ƙaranci. Ruwan shekara a yawancinsa bai wuce inci 8 zuwa 14 ba, kuma mafi yawa dusar ƙanƙara ce ta lokacin sanyi. Saboda haka a gangaren duwatsu, idan mutum ya haƙa taki ɗaya ko biyu sai ya tarar da fā. Masana ƙasa na Amurka suna kiran ƙasa marar zurfi idan ba ta kai inci 20 ba kafin a isa dutse, kuma irinta tana da yawa a nan.

Irin wannan ƙasa tana da hali biyu. Idan ƙanƙara ta narke, ruwa ba ya samun hanyar nutsewa, sai ta jiƙe sharkaf, kofato ya riƙa dama ta. Bayan 'yan makonni kuma ta bushe ƙayau. Abin da ya iya zama a kanta shi ne wani ɗan itace mai ƙamshi, ɗan'uwan tazargade, da ciyayi masu fitowa gindi-gindi kamar gamba, sai kuma wani ɓawo na gansakuka da ke rufe tsakaninsu yana hana iska kwashe ƙasa. Har ila yau, manyan garkunan ɓauna da suka cika filayen gabashin Duwatsun Roki ba su yawaita a nan ba, don haka ciyayin ba su saba da yawan cizo da tattaki ba.

Mutanen asali, wato Shoshoni da Fayut da Banok, sun zauna a wurin suna farauta da tonon saiwoyi, suna ƙaura bisa ga lokaci. Canji ya fara ne daga shekarun 1840, sa'ad da ayarin Turawa masu zuwa Origon suka riƙa ratsawa da shanunsu. A 1863 aka sami zinariya a Rafin Jodan, garuruwan haƙar ma'adinai suka tashi, kasuwar nama ta buɗe. A 1869 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa gabas da yamma, sai aka riƙa koro shanu dubbai daga Teksas da Kalifoniya. Ɓarnar da dabbobin baƙi suka yi wa saiwar da Banok suke ci tana cikin dalilan yaƙin da ya ɓarke a 1878.

A nan ne za mu dubi doka. Dokar rabon gonaki ta 1862 ta ba kowane magidanci eka 160, wanda ya isa iyali a gabas mai ruwa, amma a wannan ƙasa ba zai riƙe ko ƙaramin garke ba. A 1878 wani masani mai suna John Wesley Powell ya gabatar da rahoto, ya ce mai kiwo a ƙasar fari yana bukatar eka 2,560, kuma a yanka iyakoki yadda kowa zai sami mashaya. Majalisa ba ta karɓa ba. Abin da ya biyo baya shi ne, mai ƙarfi ya mallaki bakin rafi, ya sake dabbobinsa a ƙasar gwamnati kyauta. Ciyawar da ka bari yau wani zai cinye gobe, saboda haka ba mai bari.

Hunturun 1889 zuwa 1890 ya zo da tsananin sanyi bayan fari, ya tarar da shanu a rame, fili kuma ƙwal, suka mutu birjik, manyan masu garke da yawa suka karye. Amma ƙasar ba ta huta ba, domin tumaki ne suka biyo baya, galibi a hannun makiyaya 'yan ƙabilar Bask daga iyakar Sifen da Faransa, suka hau gangaren da shanu ba sa kaiwa.

Daɗin daɗawa, a daidai wannan lokaci wata ciyawa daga Turai da Asiya ta shigo cikin irin hatsi. Sunan da Amurkawa suka ba ta yana nufin macuciya. Tana tsirowa tun kaka, ta shanye 'yar laimar ƙasa kafin ciyayin asali su farka, ta bushe da wuri ta zama makamashi. Kafin 1930 ta mamaye yankin. Da can gobara takan yi shekaru masu yawa ba ta maimaita wuri ba, amma inda macuciya ta kafu takan dawo cikin shekara 5 ko ƙasa da haka. Ɗan itacen nan ba ya tohuwa daga saiwa bayan wuta, ita kuwa macuciya irinta yana nan a ƙasa yana jira.

Sai a watan Yuni na 1934, bayan guguwar ƙura ta kai har birnin Washington, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a Dokar Kiwo ta Taylor. Aka yanka gundumomin kiwo, aka sa neman izni, aka ƙayyade yawan dabbobi da lokacin shigarsu, kuma daga 1936 aka fara karɓar santi 5 a kan kowace saniya a wata. A 1946 aka kafa Hukumar Kula da Filaye ta tarayya don ta riƙe aikin. Dokar ta yi amfani, gama inda ciyayin asali suka saura sun farfaɗo. Sai dai ba ta iya korar macuciya ba. A 2007 gobarar Murphy ta cinye kimanin eka 650,000 a Aidaho da Nebada, a 2015 kuma gobarar Soda ta cinye kusan eka 280,000 a ƙasar Owaihi. Bayan kowace wuta iska da ruwa sukan kwashi rabonsu daga ƙasar da dama can ba ta da yawa.

Jama'a, abin lura a wannan tarihi shi ne, shawara mai kyau ta zo tun 1878, amma doka ba ta zo ba sai bayan shekara 56, kuma a wannan tsakani ne aka yi asarar da kuɗi ba ya mayarwa. Garke idan ya ƙare ana iya tara wani cikin shekara goma, amma ƙasar da ta ɗauki dubban shekaru tana taruwa, in ta tafi, ba a zamaninmu za ta dawo ba. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa alhakin raba fili ko ba da iznin kiwo, kafin ya ƙirga eka ya ƙirga dabbobi, ya kamata ya tambayi zurfin ƙasar da ke ƙarƙashinsu.