Tarihin awon sinadaran ƙarfe-da-kabon ta hanyar harbin elektiron

Sinadaran ƙarfe-da-kabon su ne waɗanda ƙwayar ƙarfe ke manne da ƙwayar kabon kai tsaye a cikinsu. Idan aka mayar da irin wannan sinadari tururi, aka harbe shi da elektiron mai ƙarfin bolt 70, sai ya zubar da elektiron guda daga jikinsa, ya koma ayon mai caji. Ƙarfin da ya yi saura kuma ya farfasa shi, na'ura ta jera gutsattsarin gwargwadon nauyinsu.

Aikin ya samo tushe daga J. J. Thomson na Jami'ar Kambirij a Ingila, wanda ya gano elektiron a 1897. A 1918 Arthur Dempster ya ƙera na'urar harbin elektiron a Shikago, Walker Bleakney kuma ya kyautata ta a 1929. Matsalar farko ita ce ƙarfe ba ya zama tururi cikin sauƙi. Francis Aston ya magance ta da sinadaran ƙarfe-da-kabon masu saurin tashi: a 1921 ya yi amfani da nikel kabonil ya gano nikel mai nauyi 58 da mai 60, a 1927 kuma ya rarrabe dalma mai nauyi 206 da 207 da 208.

Bayan gano ferosin, wani sinadarin baƙin ƙarfe mai zobban kabon, a 1951, hankalin masana ya koma kan sinadaran su kansu. A 1955 Friedman da Irsa da Wilkinson suka wallafa sakamakon awon ferosin. Ferosin yana ba da alama babba a nauyi 186, sai 121 idan zobe guda ya fita, sai 56, wato baƙin ƙarfe tsagwaronsa. Kabonil na baƙin ƙarfe kuwa yana sakin rukunin kabonil (CO) ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nauyi 28: daga 196 zuwa 168, 140, 112, 84, har 56. Daga irin wannan jeri ake karanta ginin sinadari, a kuma ƙiyasta ƙarfin ɗaurinsa.

Wanda jama'a suka fi cuɗanya da shi a wannan dangi shi ne sinadarin dalma da aka fara zubawa a fetur a 1923. Motocin Ankara ta Gana sun daɗe suna ƙona shi, kafin Gana da sauran ƙasashen Afirka kudu da Sahara su daina zuwa farkon 2006.

Sinadaran da zafi ke lalatawa ba sa jure harbin elektiron. Don haka tun daga shekarun 1980 aka ɓullo da hanyoyi masu taushi, irin ta feshin lantarki, wadda ta sa John Fenn ya samu kyautar Nobel a 2002.