Ginin Ƙasa da Hasken Rana: Tarihin Gine-ginen Jama'a a Ƙasar Gaya da Ajingi

Garin Gaya, da ke gabashin Kano, yana cikin tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa. Masu tarihi sun ce daga nan ne Abagayawa, watau maƙeran nan na farko, suka tashi suka zauna a gindin Dutsen Dala don neman tama. Ajingi kuwa maƙwabciyarta ce, yanayinsu ɗaya: zafin bazara da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, hunturu mai ƙura, da gajeriyar damina. Wannan yanayi shi ne ya koya wa magina na dā yadda za su gina masallaci da fada da zauren mai unguwa.

Kayan aikinsu duk na gida ne. Ana cuɗa ƙasa da ciyawa a yi tubali, a shanya shi a rana, ba a ƙona itace ko ɗaya. Ana yin bango mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa zuwa sama, da 'yan ƙananan tagogi can bisa. Ana yin rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a danne ta da ƙasa, a sa indararo. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi mai yawa in ta yi tsawo, sai magina suka ƙago bakan gizo, don a sami ɗaki mai faɗi. Daga waje kuma a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda akan haɗa da katsi na marina. Hikimar ita ce, bango mai kauri yakan riƙe zafin rana bai bar shi ya shiga da wuri ba, sai dare ya yi ya sake shi. Saboda haka soro yakan yi sanyi da tsakar rana, ya yi ɗumi da hunturu. Wannan fasaha ta kai matuƙa a masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19.

Al'amari ya soma sauyawa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin shi ne ya sauƙaƙa kawo kwano da siminti. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka sāke gina babban masallacin Kano da siminti, kuma abin da birni ya yi shi ƙauye kan kwaikwaya. Da arzikin man fetur ya zo, aka kuma ƙaddamar da shirin ilmin firamare na bai ɗaya a 1976, sai azuzuwan bulo da kwano suka cika gundumomi. Dole a faɗi gaskiya, ginin ƙasa yana da nasa wahalar: yana bukatar yaɓe kowace shekara, in an yi sakaci damina ta rushe shi. Amma sabon ginin ya zo da tasa matsalar. Kwano yana ɗaukar zafi nan da nan, bulo ba shi da kauri, don haka aji ko ɗakin shan magani ba ya zaunuwa da rana sai da fanka, fanka kuwa sai da lantarki, wanda bai wadaci karkara ba.

Tun da wuri wasu masana suka hango cewa ranar da ake gudu ita ce maganin. A Jamhuriyar Nijar, Farfesa Abdou Moumouni ya jagoranci hukumar binciken makamashin rana tun daga 1969, shi ne kuma aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. A Sakkwato ma an kafa cibiyar binciken makamashi a jami'a cikin shekarun 1980. Sai dai a lokacin farantin sola yana da tsadar gaske. Bayan 2010 farashinsa ya faɗi ƙwarai a duniya, har Jami'ar Bayero ta buɗe tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019, aka kuma buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a 2023.

Ginin ƙasa ma bai mutu ba. Masallacin Yaama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmou ya soma a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, a 2018, an mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji.

Abin da tarihin nan ke nuna wa ɗalibai da ma'aikatan da ke tsara ayyuka a Gaya da Ajingi shi ne, sola kaɗai ba ta isa ba. In aka ɗora faranti a kan ginin da ke tara zafi, yawancin wutar za ta ƙare wajen juya fanka, a rasa ta firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa da famfon rijiyar burtsatse. In kuwa aka yi bango mai kauri, da rufi mai tsawo, da baranda, da inuwar bishiya ta yamma, ƙaramin faranti da batir kaɗan sai su wadatar, kuɗin gyara kuma ya ragu wa ƙaramar hukuma. Har yanzu akwai magina a waɗannan garuruwa da suka san tubali da azara. Ya kamata a zaunar da su tare da injiniyoyi tun ana zanen gini, tun kafin ilminsu ya bi su kushewa.